Zakka ba kuɗin mota zuwa sama ba ce

1/ Kaka ta yi, gero da riɗi sun shigo gida daga Jahun har Dutse, wa'azin nan ma ya dawo: wai wanda bai fitar da zakka ba, ba zai ga Mulkin Sama ba. 'Yan'uwa, wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ku biyo ni.

2/ Ku buɗe Romawa 3:28. Bulus ya nuna ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya, ba da ayyukan Shari'a ba. Baratarwa ita ce Allah ya karɓi mai laifi a matsayin mai adalci, saboda Almasihu. Afisawa 2:8-9 ta kira ceto kyauta. Tun yaushe ake biyan kuɗin kyauta?

3/ Za su ce ai Ibrahim ya ba Malkisadik zakka a Farawa 14. Haka ne. Amma ku ci gaba zuwa 15:6. Me aka lasafta masa a matsayin adalci? Gaskatawar da ya yi. Lokacin ko kaciya bai yi ba, balle Shari'ar Musa, wadda Galatiyawa 3:17 ta ce sai bayan shekara 430 ta zo.

4/ Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 fa? Nawa ya biya kafin a yi masa alkawarin Firdausi?

5/ "To, Yakubu 2 fa?" Yakubu yana faɗa ne da bangaskiyar fatar baki, wadda ke ganin ɗan'uwa da yunwa ta wuce. Aiki 'ya'yan itace ne, bangaskiya ce saiwa.

6/ Rigimar ba yau ta fara ba. A 1517 Martin Luther ya rubuta batutuwa 95 a Wittenberg ta Jamus, kan sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi. A nan gida ma, Fasto Adeboye ya fito a Oktoban 2024 ya nemi gafara kan cewar da ya yi marar zakka ba zai shiga sama ba.

7/ Ba ana cewa a daina bayarwa ba ne. A bayar da farin ciki, ikkilisiya na da buƙata. Amma a tsorata gwauruwa mai buhu biyu da wuta don ta kawo hatsi? Haba!

8/ Duk wanda ya sake faɗa muku haka, ku gaishe shi da ladabi, ku ce: Baba, wace sura, wace aya?