Fulogi ba laya ba ne

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu sayar da kayan mota suka koma bokaye: "Alhaji, sa fulogin iridium, ƙaramar motarka ta daina shan mai." Jama'a, yaudara ce! Aikin fulogi tayar da wuta kawai. In naka ya gaji, wuta na tsallakewa, mai na fita bai ƙone ba, to canji zai taimaka. In lafiyarsa ƙalau, iridium daɗewa zai yi, ba ragin mai ba. Ga jabun NGK da Denso a kasuwa. Ku sayi lambar da kamfanin motar ya rubuta, ku duba iskar taya, ku sassauta totur. Da gumi kuka samo kuɗin nan, wallahi.