Malalar Mai a Legas: Asarar Da Ba Ta Shiga Rahoto

Bututun da ke ɗauko tataccen mai daga Atlas Cove zuwa ma'ajiyar Mosimi a Jihar Ogun ya ratsa unguwanni masu cunkoso a Legas, ciki har da Ijegun da Baruwa da Abule-Egba, maƙwabciyar Agege inda Hausawa suka daɗe da yin kaka-gida. Gobarar da ta tashi a Abule-Egba ranar 26 ga Disamba, 2006 ta ci rayuka sama da 200. A Baruwa kuwa, tun shekarun 1990 mazauna ke kukan fetur ya gurɓata rijiyoyinsu. Duk lokacin da irin wannan ta faru, akan ƙidaya gawawwaki da gidaje da litocin da suka salwanta, kuma haka ya kamata. Amma man da ya kuɓuce wa wuta yakan bi magudanai ya faɗa fadamu da tafkin Legas, inda zalɓe da balbela da kirinjijiya ke kiwo. Wannan asarar ba ta da mai lissafi.

Gashin tsuntsun ruwa saƙa ce mai tsari wadda ke hana ruwa taɓa fata, tana kuma riƙe iska mai ɗumi. Da zarar mai ya shafe shi sai saƙar ta cukurkuɗe, ruwa ya shiga. Zafin jikin tsuntsu yana kusa da digiri 40, don haka dole ya riƙa ƙona abinci da kitsen jikinsa fiye da ƙima domin maye zafin da ruwa ke zuƙewa. A ruwa mai sanyi an ga wannan ƙonawa ta ninka sau da yawa. Gaskiya ne Legas ba ƙasar sanyi ba ce, sai dai ruwanta ma bai kai zafin jikin tsuntsu ba, kuma tsuntsun da ya wuni yana gyaran gashi ba ya samun lokacin kiwo. Ga buƙatar abinci ta ƙaru, ga hanyar samunsa ta ragu.

Gyaran gashin ma shi ne ƙofar guba. Da baki tsuntsu yake tsefe jikinsa, yana haɗiyar man. Sinadaran da ke ciki suna fasa jajayen ƙwayoyin jini har jini ya yi ƙaranci, suna lalata hanta da ƙoda da hanji. Ɗigo kaɗan a kan ɓawon ƙwai ya isa kashe ɗan tayin da ke ciki, kuma uwa ce ke kai shi sheƙa a gashin cikinta. Malalar jirgin Exxon Valdez a Alaska ta Amurka a 1989 ta kashe tsuntsayen teku kusan 250,000, kuma bayan kusan shekara 20 ana ganin alamar man a hantar wasu agwagin yankin. Gwaje-gwajen da suka biyo bayan malalar Tekun Meziko ta 2010 sun nuna ko ɗan shafen mai yana ƙara wa tsuntsu wahalar tashi. Wannan ya shafi baƙin tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai kowace shekara su sauka a gaɓar tekunmu da dausayin Haɗejia-Nguru, waɗanda Najeriya ta yi alƙawarin karewa a yarjejeniyar AEWA.

Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya. Amsa ita ce ruwan da ya kashe zalɓe shi ne masunci ke jefa taru a ciki, kifinsa kuma yana ƙarewa a kasuwa. Ba bututu ne kaɗai mai laifi ba: baƙin man da ake juyewa cikin kwata a garejojin kanikawa, a Agege da sauran unguwanni, hanya ɗaya yake bi idan damina ta sauka.

Dokar da ta kafa hukumar NOSDRA a 2006 ta wajabta sanar da malala cikin awa 24, da tarar naira 500,000 kan kowace ranar jinkiri, kuɗin da a yau ba ya tsorata kowane kamfani. Binciken haɗin gwiwa da ake yi bayan malala ya fi karkata ga musabbabi da yawan gangunan da suka zube, domin a nan rigimar diyya take.

Muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ta sa ƙidayar tsuntsaye da kifayen da suka mutu, da gwajin jini da hantar wasu daga cikinsu, su zama sashe na tilas a kowane rahoton malala, a kan kuɗin mai bututun. Hadiman 'yan majalisa da ke tsara daftarin gyaran dokoki su duba tarar nan ta 2006, kuma NOSDRA da hukumar LASEPA ta Jihar Legas su fara da magudanan da suka taso daga Abule-Egba da Baruwa.