Gubar Da Ke Cinye Zuriyar Namun Daji

Garin Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, ya yi suna wajen noman citta. Bayan annobar da ta lalata gonakin citta na wannan yanki a 2023, ba a ga laifin manomin da ya rungumi kowane irin maganin feshi da ya samu a kasuwa ba. Amma akwai magungunan da ba su ruɓewa a ƙasa, kuma ɓarnarsu takan wuce gona, ta gangara rafi, ta ƙare a cikin mahaifar namun daji.

Irin waɗannan su ne DDT da dieldrin da Gamalin 20, da kuma PCB, watau sinadarin da ke cikin man tsofaffin taransifomomin lantarki. Halinsu ɗaya ne. Ba su narkewa sosai a ruwa, sai a kitse. Ƙwaro ya ɗauki kaɗan, kifi ya ci ƙwari dubu, karen ruwa ya ci kifi ɗari, to, duk abin da suka tara sai ya taru a jikinsa. In mace ce, sai gubar ta rikita sinadaran jiki masu tsara ɗaukar ciki. Wata ta yi ɓari, wata ta haifi ɗa marar ƙwari, sa'an nan ta ƙara masa gubar a cikin nono.

An ga haka a ƙasashe da yawa. A Amurka, cikin shekarun 1960, masu kiwon wata ƙaramar dabba mai kama da tunku, wadda ake kira mink, sun ciyar da ita da kifin Tafkin Mishigan, sai haihuwa ta tsaya musu. Da aka bincika, aka tarar PCB ne a cikin kifin. A Ingila kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1950 karen ruwa ya yi ta ɓacewa daga koguna bayan da manoma suka soma aiki da dieldrin. Da aka hana maganin, sannu a hankali ya komo, har a 2011 aka tabbatar akwai shi a kowace gunduma ta ƙasar. Shekara hamsin ke nan kafin gyara ya kammala.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 an fesa DDT da dieldrin a kurame da bakin rafukan Arewa domin kashe tsando mai kawo sammore. An sami wuraren kiwo, amma masu bincike sun tsinci gawarwakin tsuntsaye a inda aka yi feshin. Gamalin 20, wanda aka kawo domin ƙwarin koko, sai wasu masunta suka mai da shi abin zubawa a rafi su kwashi kifi. A 1988 kuma aka jibge dubban gangunan dagwalon masana'antu daga Italiya a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel, har da PCB a ciki. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42 a shekarar.

Yarjejeniyar Sitokholm ta 2001, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta haramta ko ta taƙaita irin waɗannan gubobi, aka kuma ƙara da sinadarin Gamalin a 2009. Sai dai doka a takarda ba ta wanke rafi.

Maharbin ƙasar Jaba yakan ƙirga abin da bindiga da gobarar daji suka ci, domin yana ganin gawa. Ɗan da ba a haifa ba kuwa, ba ya barin sawu. Daji yakan yi shiru ne kawai, shekara bayan shekara, tunkun juda da karen ruwa su zama labari.

Saboda haka ya kamata manomi ya guji maganin da ba shi da lambar NAFDAC, ya daina wanke tankin feshi a rafi. Sarakuna da masu unguwanni su tsawata wa mai zuba guba a ruwa. Wanda ya ga taransifoma tana yoyon mai ya sanar da hukuma, kada ya tara a kwalba. Wanda ya ci naman ko kifin da ya tara guba, shi ma ya shiga layi, domin ɗan Adam ma mai shan nono ne. Rigakafi dai ya fi magani.