Sitajin masu yaƙi da tamowa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

Duk wanda ya ga shekara ta 2005 a jihar Maraɗi bai manta da layin mata goye da yara a ƙofar gidajen likita ba. A shekarar nan, ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Binciken ƙasa na 2022 ya nuna cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon shekarunsu ba, saboda ƙarancin cimaka mai gina jiki. Tambayar da ta kamata a yi wa magabata ita ce: su wa ake shiryawa domin wannan aiki, kuma ta wace hanya?

Makarantu na gwamnati da na kuɗi suna yaye matasa da suka karanci ilimin cimaka. Amma karatun aji ba ya isa. A gefen gadon maras lafiya ne ɗalibi ke koyon auna dantsen yaro, ya san cewa ƙasa da milimita 115 alamar hatsari ce. Nan yake koyon danna ƙafa da yatsa domin gane kumburi. Nan yake gane dalilin da ya sa ake fara wa yaron da ya galabaita da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, kowace awa biyu ko uku, domin cika masa ciki da gaggawa na iya tsayar da zuciyarsa. Wanda bai yi wannan a gaban ƙwararre ba, difulomarsa takarda ce kawai.

To, ina hanyar samun sitajin? Ɗalibi ya rubuta takardar roƙo, ya yi ta zarya daga ofis zuwa ofis. Mai dangi, aboki ko sanayya ya samu wuri cikin mako guda. Ɗan talaka ya yi ta jira. In ya samu ma, sau da yawa babu mai bin aikinsa, babu ko kuɗin mota.

A Amurka, mai son zama ƙwararren masanin cimaka sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki ƙarƙashin kulawa, a asibiti, cikin jama'a da wajen tsara abincin masu yawa, sa'an nan ya zauna jarrabawar ƙasa. Tun daga Janairun 2024 sai yana da digiri na biyu. Tsarin yana da aibinsa: mafi yawan ɗaliban ba a biyansu, su ne ma ke biya, abin da ke korar marasa hali. Wannan ba abin koyi ba ne. Abin koyi shi ne ƙa'ida rubutacciya wadda ta hau kan kowa.

Abu uku ya wajaba ma'aikatar kiwon lafiya ta yi. Na farko, ta riƙa bayyana guraben sitaji kowace shekara, a ajiye takardu wuri guda, a liƙa sakamako a bainar jama'a. Na biyu, ta ƙayyade yawan awoyi, kowane ɗalibi da littafinsa wanda mai kula da shi zai sa wa hannu bisa abin da ya iya. Na uku, kada a ba da difuloma sai an yi watanni a cibiyar CRENI ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, tare da ɗan alawus na ci da kwana.

Za a ce baitulmali ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne. Sai dai shekaru da dama kuɗin ƙetare ne suka riƙe babban kaso na wannan aiki, ga shi kuma a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Baƙo, komai daɗewarsa, wata rana zai ɗaure kayansa. Ƙasar da ke sarrafa Plumpy'Nut a Yamai tun 2005 ba ta da hujjar kasa horar da hannun da zai ba yaro shi daidai. Mai kwarmin ido, in ji Hausawa, da wuri yake fara kuka.