Mas'alar Nauyi a Fatsar Kifin Tirawut

A kogunan kudancin Ingila masu sanyi, waɗanda ruwansu ke ɓuɓɓugowa garai-garai daga ƙarƙashin duwatsun alli, akwai wani kifi da ake kira tirawut, wanda masu fatsa na can suka mayar da kamunsa fanni mai zaman kansa, da malamansa da littattafansa da saɓanin mazhabobinsa. Ba sa laƙa masa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu suke naɗa mata har ta ɗauki surar ƙwaro, su wurga, kifi ya ruɗu ya cafke. To, da yake galibin abincin wannan kifi 'ya'yan ƙwari ne da ke zaune tsakanin tsakuwa da ciyawar ƙasan kogi tun kafin su yi fiffike, sai ya wajaba ƙwaron ƙaryar nan ya nutse ya iske kifin inda yake kiwo, kuma daga nan ne mas'alar nauyi ta taso.

Da farko ma nutsewar kanta aka yi wa inkari. Lokacin da wani lauya mai suna Skues, wanda ya daɗe yana fatsa a kogin Itchen, ya wallafa littafinsa a 1910 yana kare kamu a ƙarƙashin ruwa, almajiran wani malamin fatsa mai suna Halford, masu riƙon cewa ƙwaro mai shawagi a sama kaɗai ya dace da mutumin kirki, sai suka ɗauki abin tamkar bid'a, har aka yi zaman muƙabala a kansa a Landan a 1938. Amma wanda ya warware mas'alar a aikace shi ne Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon, wanda ya ƙare rayuwarsa yana leƙen ruwa. Sai ya ɗauko siririyar wayar jan ƙarfe, ya naɗa ta a ƙugiya har ta yi ɗan tozo a bayan idon ƙugiyar, ya kawo 'yan silin gashi daga wutsiyar tsuntsun fezan ya murɗe su tare da wayar, ba zare ko kaɗan, ba kuma ƙafafu, domin ya lura cewa ɗan ƙwaro idan yana iyo manne ƙafafunsa yake yi a jiki. Wayar ita ce zare, ita ce nauyi. Idan ƙwaron ya gangaro daidai hancin kifi, sai ya ɗan ɗaga sanda, ƙwaron ya taso kamar mai neman tsira, kifi kuwa ya kasa haƙuri.

A ganina, darasin Sawyer shi ne nauyi asali ne, launi kuwa reshe, alhali masu fatsa da yawa a yau sun juya lamarin, suna cika akwati da launi ashirin duk nauyinsu ɗaya. Gara mutum ya riƙe siffa guda a nauyi uku, ya tsaya bakin kogi ya tambayi kansa zurfin ruwan da ƙarfin gudunsa kafin ya ɗaura komai. Inda ruwa ke tafiya a natse, wayar jan ƙarfe ta wadatar. Inda yake ambaliya tsakanin duwatsu, irin kogunan da masu fatsa na Folan da Cek suka yi suna a kansu cikin shekarun 1980, sai an sa wa ƙugiya 'yar tsakiya ta ƙarfen tangistin a ka, wanda nauyinsa ya ninka na tagulla fiye da sau biyu a girma ɗaya. Alamar dacewa kuwa a hannu ake jin ta: idan ƙugiya tana ɗan taɓa tsakuwa jefi-jefi, an dace, idan tana maƙalewa a kowace jifa, an yi israfi, ƙwaron ya zama dutse, ya rasa motsin rai wanda shi ne hujjarsa a wurin kifi. Sau da yawa ma siririn zare da siririn jiki sun fi ƙarin ƙarfe saurin kai ƙugiya ƙasa.

Saura batun dalma, wanda shi ne ya fi damuna. Tana da araha, tana da laushin naɗi, shi ya sa har yanzu ake ɓoye ta a cikin jikin ƙwaron ƙarya. A 1987 aka hana sayar da galibin ƙananan ƙwayoyin dalma na fatsa a Ingila, bayan da aka tabbatar manyan tsuntsayen ruwan nan farare masu dogon wuya suna haɗiye su tare da tsakuwa suna mutuwa, amma dokar ta keɓe dalmar da ke cikin ƙwaron ƙarya. Wannan rangwame ne na hukuma, ni kuwa ban ga uzurin mai fatsa a cikinsa ba, domin duk ƙugiyar da ta tsinke a ƙasan kogi can take zama shekara da shekaru. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi a kan sharrinta. Jan ƙarfe yana nan, tagulla tana nan, tangistin ma ya fi dalmar nauyi, kuma bambancin kuɗin a kan ƙugiya guda bai taka kara ya karya ba.