Ƙasar hamada ma tana da rai, mu gyara yadda muke koyar da yara

A yawancin makarantunmu, da yaro ya ji kalmar "mikrob" sai ya tuna da ciwo: zawo, tarin fuka, sanƙarau. Idan kuma darasin labarin ƙasa ya zo kan hamada, sai a ce masa wuri ne da babu rai a cikinsa. Duka biyun rabin gaskiya ne, kuma ina ganin lokaci ya yi da malamai za mu daina tsayawa a kansu.

Mu ɗauki hamadar Atakama da ke arewacin ƙasar Cile, a Kudancin Amurka. Tana cikin wuraren da suka fi bushewa a duniya. Akwai sassanta da ruwan da suke samu a shekara bai kai milimita 2 ba. A 2003 wasu masana, cikinsu har da Chris McKay na hukumar NASA, suka ɗebi ƙasar yankin Yungai suka yi mata irin gwajin da kumbunan Viking suka yi wa ƙasar duniyar Mas a 1976. Sakamakon ya fito kusan iri ɗaya: babu alamar rai. Da a nan aka tsaya, da an rufe magana.

Amma a 2006 Jacek Wierzchos da abokan aikinsa suka fasa dunƙulen gishirin da ke shimfiɗe a wannan yanki, suka tarar da koren layi a ciki. Ƙananan halittu ne masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar ganye. Ina suke samun ruwa? Kowace uwa ta san gishiri yakan jiƙe da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Haka abin yake can: idan danshin iska ya haura kashi 75 cikin ɗari, gishirin sai ya ja shi ya zama ɗigon ruwa a cikin ƙofofinsa. Gishirin kuma yana kare su daga zafin hasken da zai ƙone su a fili.

Darasi na farko ke nan, kuma ya fi sunayen halittun muhimmanci: rashin ganin abu ba hujja ba ce cewa babu shi. Wataƙila kayan aunawarka ne ba su isa ba, ko ba ka duba inda ya dace ba. Yaron da ya riƙe wannan ya fara fahimtar kimiyya, ya wuce haddar jarrabawa.

Na biyu ya fi ban mamaki. A 2015 da 2017 aka yi ruwan da ba a saba gani ba a tsakiyar Atakama, har ya kwanta tafki-tafki. Kowa zai zaci rai zai yalwata. Binciken Armando Azua-Bustos na 2018 ya nuna akasin haka: yawancin ire-iren halittun da ke ƙasar sun ɓace daga tafkunan. Jikinsu ya saba da zuƙar ɗan danshi kaɗan, da ruwa ya yi yawa sai ya cika su suka fashe. Kowace ƙasa da ma'auninta, sauyin yanayi kuma ba fari kaɗai yake kawowa ba.

Wani malami zai ce: aji cike, babu madubin ƙara girma, ga BEPC na ƙaratowa, ina ni ina Cile? Ƙorafin gaskiya ne, amma abin yana bakin gonarmu. A Banizumbu, gabas da Yamai, Oumarou Malam Issa da abokan bincikensa sun nazarci baƙin ɓawon da ke fitowa a kan rairayin saura. Dangin waɗancan halittu na cikin gishiri ne suke saƙa shi. Zarensu na ɗaure rairayi kada iska ta kwashe shi, wasunsu kuma na jawo sinadarin azot daga iska su ba ƙasa. Ɗebo ɓawon a faifai, ka yayyafa masa ruwa, ka ajiye a haske, yara su ga yadda launinsa ke komawa kore. Ko ka tumɓuke wake ko gyaɗa, ku fasa ƴan ƙulluttan da ke jikin saiwa: jan da ke ciki alama ce bakteriya na aikin takin. Ko dala ba za a kashe ba.

Iyaye ma da nasu aikin. Manomin da ke barin gona ta huta, ko yake zuba taki cikin ramin tassa har gara ta zo, ya san ƙasa tana ci tana sha, ko da bai san sunan masu aikin ba. Kada mu bari yaro ya ɗauka ilimin ubansa daban, na makaranta daban. Mu faɗa masa kuma cewa maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka, streptomycin, daga bakteriyar ƙasa aka samo shi a 1943.

Wanke hannu da sabulu na nan daram, ba mu janye shi ba. Abin da nake roƙon abokan aiki shi ne darasi ɗaya a shekara, a waje, kan ƙasar da yaran nan za su gada. Wanda aka koya masa cewa ƙasa matacciya ce ba zai ji ciwon ganin ta lalace ba.