Kwas Ɗaya Bai Kamata Ya Cinye Shekara Guda Ba

Akwai wani abokina da muka taso tare a Daurawa, tare muke tsayawa bakin Titin Maiduguri muna jiran Adaidaita Sahu kullum da safe. A samistar ƙarshe ta ND II zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar jarrabawa. Ya lallaɓa ya shiga, amma kwas ɗaya ya kayar da shi. Ɗaya tal! Tunda kwas ɗin na samista ta biyu ne, sai ya jira ta sake zagayowa. Mu mun wuce, shi yana zaune a shagon yayansa a Farm Centre yana liƙa wa wayoyi gilashi, yana jiran jarrabawar awa biyu.

Kowa a cikinmu ya san irin wannan labari. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da ƙungiyarmu za ta nemi a buɗe zangon karatu na musamman a lokacin dogon hutu, domin masu kariyoba.

Ba baƙon abu ba ne. A Amurka jami'o'i kan buɗe ajujuwa tsakanin watan Yuni da Agusta, ɗalibi ya gyara kwas ɗin da ya faɗi ko ya rage nauyin da ke gabansa. A nan gida ma Jami'ar Amurka da ke Yola tana yi. Kuma lissafin ba shi da wuya. A tsarin hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha, samista tana da makonni 15 na koyarwa. Kwas mai awa biyu a mako ya zama awa 30 ke nan. A raba su a makonni shida, awa biyar ce a mako. Wa zai ce wannan ya gagara?

Mu duba abin da shekara ɗaya take ci. Bayan ND sai ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin a ɗauke ka HND, sannan shekara biyu a aji. Wanda ya makara da shekara ɗaya, komai nasa ya ja baya. In kuma ka haura shekara 30 kafin ka kammala, NYSC takardar yafiya za ta ba ka, ba za ka sa kaki ba. Da yawanmu ba mu shigo da wuri ba, wasu sai da suka yi JAMB sau biyu ko uku. 'Yan uwanmu mata kuwa, wata an riga an sa mata rana, in ta zauna shekara a gida da wuya ta dawo. Ga kuɗin rajista da za a sake biya, ga mahaifin da ya zaci ya sauke nauyi.

Na san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Na farko, dogon hutunmu yakan faɗo a damina, ɗaliban karkara gona suke komawa, na birni kuma a lokacin suke haɗa kuɗin makaranta. Gaskiya ne, shi ya sa zangon zai zama ganin dama, kuma a tara lakcocin a kwana biyu ko uku a mako. Na biyu, 'yan ND I suna da SIWES na wata huɗu, bai kamata a taɓa shi ba. To, a fara da 'yan ajin ƙarshe, su ne abin ya fi ƙonawa. Na uku, malamai ma mutane ne, suna da iyali, suna buƙatar hutu. Sai a biya su haƙƙinsu, kuma wanda ya yarda shi zai koyar.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta huɗu: kada abin ya zama kasuwa, a riƙa kayar da ɗalibai don su biya kuɗin zangon hutu, ko mai kuɗi ya sayi maki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a toshe tun farko. A ƙayyade kuɗin, a biya ta banki da rasit. Kada ɗalibi ya ɗauki fiye da kwas biyu. A riƙa kiran suna a aji. Wani malamin daban ya duba takardun jarrabawar.

Mu ma fa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Ba kowace kariyoba ce ta zazzaɓi ba, wata ta kallon ƙwallo ce da hira a TikTok har asuba. Zangon hutu ba lasisin wasa ba ne, wanda ya je ya sake faɗuwa ya kuka da kansa.

Shugabannin ƙungiya, ga aiki. Ku zaga sassa ku tattara adadin waɗanda kwas ɗaya ko biyu ya riƙe a bana, ku rubuta takarda, ku kai wa hukumar makaranta cikin ladabi kafin a fara jarrabawar wannan samista. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abokina dai tasa shekarar ta riga ta tafi, amma ƙannenmu na nan tafe. Allah Ya ba mu sa'a, amin.